Ranar da Gonar Gwaggo Ta Ƙanƙance a Hannuna

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a rayuwa waɗanda sai an tuna mini nake tunawa. Wannan ba ya cikinsu. Shekaru sun shuɗe, amma ba na jin zan manta da wata safiya ta bazara a wani ƙauye na yankin Durun, cikin ƙasar Kabo, ranar da na kusa raba ƙanwar mahaifina da rijiyarta da fadamarta. Ba mugunta na yi ba, ba kuma ƙarya ba. Gaggawa na yi a wani shagon buga takardu a Gwarzo.

Gwaggo, kamar yadda muke kiranta, mijinta ya rasu ya bar mata gona ita da 'ya'yanta. Gonar ta tashi daga bakin hanya, gindin wata tsohuwar tsamiya, ta miƙe gabas har ta gangara fadama. A tudu suna noma gero da dawa da wake. A fadama akwai rijiyar da marigayin ya haƙa da hannunsa, da ita suke ban ruwan albasa da tumatir da rani, kuma wannan ɗan yanki shi ke riƙe da gidan daga kaka zuwa kaka. Daga gabas tana iyaka da gonar wani dattijo. Layin gamba ne ya raba su tun asali, sai ambaliyar wata damina ta share shi. Daga nan rigima ta taso a kan kunya goma. Ɗan Gwaggo ya ce nasu ne, babban ɗan dattijon ya ce nasu ne. Aka yi ta kai ƙara wurin dagaci, har ya gaji ya ce kafin ruwa ya sauka sai an kafa turke.

Akwai abu ɗaya da kowa ya yarda da shi. Tun da daɗewa an taɓa ɗauko wani safiyo ya auna gonakin wurin ya zana taswirarsu. Kwafin Gwaggo gara ta cinye shi, na dattijon kuma ya ɓata. Safiyon ya rasu, amma na bincika na samu ɗansa a Kano, ya kuma ajiye takardun mahaifinsa. Ya sa aka ɗauki taswirar da na'ura, ya turo mini ta waya. Ni ne mai aikin ofis a dangin, ni ake miƙa wa duk abin da ya shafi takarda, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Ana gobe za a fita gona, na biya shagon da na saba buga takardu a Gwarzo. Mai shagon wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta ne, duk gari Madam ake ce mata. Ta buɗe taswirar a kwamfuta, ta dube ta, ta juyo.

“Malam, wannan ai ta babbar takarda ce, A3. Injina A4 kawai yake ɗauka.”

“To yaya za a yi?”

“Ko in raba maka ita a kan takardu mu haɗa, ko in matse ta ta shiga guda ɗaya. Amma in na matse, komai zai ragu fa.”

“Rubutun zai karantu?”

“Zai karantu.”

“To matse ta. Sauri nake.”

Iyakar maganar ke nan. Takarda ta fito tsaf, gonaki biyu a jere, tsamiya ga ta, hanya ga ta, a ƙasa kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa santimita ɗaya a takarda daidai yake da mita goma a ƙasa. Na sa ta a ambulan ina ganin na gama aiki. Yau in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne na ji gargaɗin da kunnena. Ta ce komai zai ragu, ni kuma na ɗauka maganar girman rubutu take.

Washegari da hantsi muka hallara a gindin tsamiya. Dagaci ya zo da liman da mutanensa, da wani malamin gona da aka ɗauko daga Kabo domin awo, riƙe da rula da tef mai mita hamsin. Gwaggo ta zauna can gefe a kan tabarma, lulluɓe da mayafi. Dattijon ya zo da 'ya'yansa, ɗan Gwaggo ya zo da abokan nomansa. An daɗe ana gaisawa, ana tambayar iyali da zafi da gajiya, amma kowa ya san gaisuwar ba ta wuce leɓe ba.

Dagaci ya karɓi takardar ya miƙa wa dattijon. Dattijon ya kai ta kusa da idonsa, ya ce lallai wannan zanen marigayi safiyo ne, ya gane hannunsa. Sai dagaci ya ce, “To, ga yadda muke yi a nan. Kafin a ja tef, kowa zai yarda cewa inda takarda ta tsaya nan ne iyaka. In aka shafa fatiha, babu mai dawo mini da maganar nan, ko shi ko jikansa.”

Ɗan Gwaggo ya ce, “Ranka ya daɗe, da an fara aunawa mun gani tukuna.”

Ni na katse shi. Na ce, “Haba, me kake tsoro? Mutum ne ke son zuciya, takarda ba ta da ɓangare.” Dagaci ya gyaɗa kai ya ce maganar mai ilimi ke nan. Liman ya ja fatiha, muka shafa.

Malamin gona ya shimfiɗa takardar a kan sirdin babur, ya ɗora rula daga tsamiya zuwa layin gabas. Ya ce, “Santimita goma sha bakwai. Mita ɗari da saba'in ke nan. Ja uku na tef, da ashirin.”

Mutum biyu daga cikin mutanen dagaci suka kama tef, muka bi su a baya. Ja na farko, na biyu, duk cikin tudu. A ja na uku muka fara gangara fadama. Na ɗaga kai na hango rijiya, sai na ga ta yi nisa fiye da yadda ya kamata. Aka ƙara ashirin. Malamin gona ya ce, “Tsaya nan.” Mai riƙe da bakin tef ya tsaya a tsakiyar fangalin albasar Gwaggo. Rijiya tana can gaba, taku talatin ko fiye. Kunya goman da ake rigima a kansu kuwa ko kusa da su ba mu je ba.

Babban ɗan dattijon ne ya fara magana, da murmushin wanda shi kansa bai yi tsammani ba. Ya ce, “Allahu akbar. Ashe shekara da shekaru ruwanmu ake sha.”

“Ruwan wa?” in ji ɗan Gwaggo. Fartanya ce a kafaɗarsa tun safe, sai na ga ya sauke ta ya riƙe da hannu biyu. Abokansa suka matso, 'ya'yan dattijon ma suka matso. Dagaci ya daka tsawa, aka tsaya, amma ba wanda ya ja da baya.

Gwaggo ta iso a hankali, ta tsaya ta dubi inda tef ya ƙare, ta dubi rijiyar. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa a kan ƙasa ta ce, “Ranka ya daɗe, ina amarya aka haƙa rijiyar can. Ni nake kawo musu fura.” Daga nan ta juyo gare ni ta ce, “Ɗan nan, haka takardar ta ce?”

Na karɓi takardar ina dubawa, ina neman inda malamin gona ya yi kuskure. Bai yi ba. Goma sha bakwai ne daidai. A nan ne muryar Madam ta dawo mini, kuma wannan karon na gane abin da take nufi. An rage zanen, amma ba a rage rubutun da ke cewa santimita ɗaya mita goma ba ne. Layuka sun gajarce, ma'auni yana nan yadda yake.

Zan faɗi gaskiya, ban buɗe baki nan take ba. Na tsaya ina tunanin yadda zan faɗa a gaban dagaci da liman da dangi cewa ni, wanda ya gama cika baki a kan takarda, ni na ɓata ta. Har zuciyata ta raya mini in yi shiru yanzu, in gyara daga baya a asirce. Amma an riga an aika a saro turke, kuma na san in turke ya shiga ƙasa bayan fatiha, ba a cire shi da lallami.

Abin da ya ture ni shi ne maganar ɗan Gwaggo. Ya ce da ƙarfi, “Safiyon nan saye shi aka yi! Allah ya isa, ko a kabari yake!”

Na ce, “Kada ka ja wa mamaci Allah ya isa. Ba laifinsa ba ne. Laifina ne.”

Duk suka juyo. Na durƙusa gaban dagaci na yi bayani yadda zan iya. Na ce taswirar asali babba ce, ninki biyu na wannan takarda, ni na sa aka matse ta a Gwarzo domin ta shiga ƙarama, don haka duk abin da aka auna a kanta zai fito ƙasa da gaskiya.

Babban ɗan dattijon ya yi dariya. “Malam, ɗazu takarda ba ta da ɓangare, yanzu kuma ta rame? Da ta ba ku gonarmu, da ka tuna an matse ta? An shafa fatiha, ranka ya daɗe. Kai ka ce babu dawowa.”

Maganarsa ta yi nauyi, domin ko ni ne a matsayinsa abin da zan faɗa ke nan. Ni ba ni da wata hujja sai bakina, bakin da ya riga ya zubar da ƙimarsa a wurin.

Can dagaci ya ce, “Malamin gona, a takardar nan akwai wani wuri da ba a rigima a kansa?”

Malamin ya duba ya ce akwai gefen hanya, daga tsamiya zuwa kwalbati, an zana duka biyun.

“Tsamiya ta taɓa matsawa?”

Aka ce a'a.

“Kwalbati fa?”

Wani ya ce tun yana yaro yake nan.

“To mu je mu tambayi takardar a can. In ta faɗi gaskiya a inda muka sani, mun yarda da ita a inda ba mu sani ba.”

Muka koma bakin hanya, duk taron. Rula ta ba da santimita bakwai, wato mita saba'in. Aka ja tef daga gindin tsamiya. Ja ɗaya, da ashirin, mai riƙe da tef ya tsaya a fili, kwalbati yana can gaba yana kallonmu. Sai da aka cika ja biyu cif, mita ɗari, kafin bakin tef ya taɓa siminti.

Amma ɗan dattijon bai sauka ba. Ya ce ko ma dai mene ne, a kan wannan takarda aka shafa fatiha. Dagaci ya dubi liman. Liman ya ce, “Mun shafa ne a kan aikin safiyo. Wannan kuwa ga shi mun gani da ido ba aikinsa ba ne yadda ya bar shi.” Duk da haka dagaci bai yanke ba, sai ya juya ga dattijon ya ce, “Baba, kai ne mai gona. Me ka ce?”

Dattijon ya ce, “Ni kunya goma na zo nema. Ban zo neman rijiya ba. Ina cikin waɗanda suka ja guga ranar da aka kai ruwa.” Ɗansa ya buɗe baki, ya ɗaga masa hannu. “Amma ba zan ƙara yarda da takardar da yaron nan zai tafi shi kaɗai ya kawo ba.”

Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma ban ji zafin kalmar yaro ba. Na cancance ta.

Dagaci ya yanke cewa in koma Gwarzo in bugo taswirar da ainihin girmanta, babban ɗan dattijon ya bi ni ya gani da idonsa. Ya ce in la'asar ta yi ba mu dawo ba, zai ɗage zaman, kuma ba mai taɓa fadamar, ko ban ruwa, har sai an sake zama. Na san abin da hakan ke nufi. Albasar Gwaggo ba za ta kai kwana uku babu ruwa a wannan zafi ba.

Haka muka hau babur ɗaya, ni a gaba, shi a baya, mutumin da ɗazu ya kusa cin fartanyar ɗan'uwana. Muka tsaya a Kabo ko za a dace, mai shagon da muka samu ya ce janaretansa ya lalace tun jiya. Muka miƙe Gwarzo. Duk tsawon hanyar kalma ɗaya ya faɗa mini, da na faɗa wani rami: “A hankali.”

Mun tarar da Madam tana shirin rufewa ta je ɗauko abinci. Da ta ga fuskata ta ajiye makulli. Na gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Ta riƙe baki ta ce, “Wayyo Malam! Da ka ce mini awo za a yi da ita, ai ko ka roƙe ni ba zan matse ba.” Ba ta ƙara da cewa ta gaya mini ba, na kuwa gode mata a zuciyata.

Ta kira abokin tafiyata ta ce ya zo ya tsaya kusa da ita. Ta nuna masa taswirar yadda aka turo ta, da ranar da aka turo, ta nuna masa wurin da ake zaɓa. “Ka ga nan? In na taɓa wannan, inji zai matse ta ta shiga takarda ɗaya. Shi na taɓa jiya. Wannan kuma shi ne ainihin girma, ɗari bisa ɗari, ba ragi ba ƙari. Kai za ka danna da hannunka.” Ya dube ta, ya dube ni, ya sa yatsa ya danna.

Taswirar ta fito a kan takardu huɗu, kowace da ɗan yankinta da 'yan alamomi a kusurwa. Madam ta yanke gefuna da reza, ta manna su a jikin gilashin taga domin haske ya nuna mata inda layi ya haɗu da layi, ta liƙe da salatif. Ta yi aikin a natse kamar ba ta san ana jiranmu ba, ni kuwa ina ta duban agogo. Da ta gama ta naɗe ta miƙa, ba ni ta ba, shi ta ba. Shi ya riƙe ta har muka koma.

Mun iso ana alwalar la'asar a gindin tsamiya. Ba wanda ya tafi gida. Bayan an idar da salla dagaci ya ce a fara da kwalbati. Malamin gona ya ɗora rula a kan sabuwar takarda ya ce, “Santimita goma. Mita ɗari.” Abin da tef ya nuna ɗazu ke nan. Dattijon ya ce ya yarda. Sa'an nan aka auna daga tsamiya zuwa gabas: ashirin da huɗu. Ja huɗu na tef, da arba'in.

Muka sake bin tef. Muka wuce inda aka tsaya da safe, sawun ƙafafunmu na nan a cikin albasa. A ƙarshen ja na huɗu bakin tef ya kai gindin rijiya, aka ɗaga aka wuce ta. Na ji Gwaggo a bayana tana cewa alhamdulillahi a hankali, tana maimaitawa. Arba'in ɗin ƙarshe ta kai mu cikin kunyoyin rigima, tef ya tsaya bayan ta huɗu. Huɗu na Gwaggo, shida na dattijon. Ɗan Gwaggo ya so ya yi magana, uwarsa ta ce, “Kul.” Aka buga turke, dattijon ya ce a kawo saiwar gamba a dasa tun kafin ruwa. Liman ya sake jan fatiha.

Da za mu rabu, na je na durƙusa gaban Gwaggo in ba ta haƙuri. Ta ce, “Tashi. Ka ɓata, ka kuma faɗa da bakinka. Amma gobe kai za ka zo ka gyara mini fangalin da kuka tattake.” Na je kuwa, na wuni ina tayar da albasa da hannun da bai saba ba.

Abin da na koya a ranar bai tsaya a kan taswira ba, ko da yake ita ce farko: duk takardar da za a ɗora wa rula, ko zanen gona ne ko na gini ko na ɗinki, ba a matse ta ba a buɗa ta, da girmanta ake buga ta, a kuma gwada ta a kan abin da aka riga aka sani kafin a dogara da ita. Babban darasin shi ne na daina cewa takarda ba ta da ɓangare. Takarda tana bi ta hannun mutane, kuma kowane hannu yana iya rage ta ko da bai yi niyya ba. In mai sana'a ya ce mini abu zai canza, yanzu nakan tsaya in tambaye shi me zai canza, kafin in ce ina sauri. In kuma na gane kuskuren nawa ne, nakan faɗa tun turke bai shiga ƙasa ba.